A bar amfilifaya a kunne, ko a riƙa kashe ta?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. Bayan rasuwar mahaifinmu ni aka ba tsohuwar amfilifayarsa, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, irin ta Japan ɗin nan mai fuskar azurfa da allurai biyu da ke rawa in sauti na tashi. Sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Na jona mata sifiku biyu a falo, wallahi muryarta ta fi ta sabon kayan sautin da na saya da kuɗina. To jiya abokina ya zo ya ga na kashe ta bayan mun gama saurare, sai ya ce ai kashe ta nake yi da gaske. Wai irin waɗannan ba a kashe su, kunnawa da kashewa ke cinye su. Ni kuwa na tashi na ga Baba kullum sai ya kashe ta, har ya lulluɓe ta da ƙyalle. Wanne zan bi? Ba na son ta mutu a hannuna.

Dattijon Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, abokinka bai yi ƙarya ba. Na yi shekaru ina aikin injina a gidan rediyo kafin in yi ritaya, kuma akwai kayan da tun ranar da aka kafa su ba wanda ya taɓa makunninsu sai in za a yi gyara. Ka tuna ƙwan fitila irin na da. Sau nawa ka ga ya mutu yana tsakiyar ci? Sai ka danna makunni ka ji fat, shi ke nan. Zaren cikinsa in yana da sanyi wuta ba ta samun tsaiko a jikinsa, sai ta afka da yawa a lokaci guda. Amfilifaya ma tana da nata. Akwai manyan kafasitoci a cikinta, in an kashe sai su zube wutar da suka tara, in an kunna kuma sai su zuƙa kamar raƙumin da ya kwana uku bai ga rijiya ba. Shi ya sa wani lokaci kake ganin fitilar ɗaki ta ɗan lumshe in ka kunna babba. Ga kuma zafi da sanyi. Ƙarfe in ya ɗau zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke. Yau da gobe sai dalmar da aka liƙe ƙafafun kayan da ita ta tsage. Ni tawa Sansui ce, tana nan tana aiki, kuma ba kasafai nake kashe ta ba.

Uwar Biyu: Baba, a gidan rediyon nan wa ke sa kati a mita?

Dattijon Tudun Wada: Ke dai 'yar nan ba ki rabo da tsokana. Ba ni ba ne, na yarda.

Mai Gyaran Rediyo: Allah ya ƙara girma, Baba. Duk abin da kuka faɗa haka yake, ba na ja da ku a kan ko ɗaya. Dalmar da ta tsage kuwa ita ke ciyar da mu, kusan kullum sai na sake liƙe wata. Amma ku gafarce ni, akwai abin da kuke da shi a wurin aikinku wanda yaron nan ba shi da shi a falonsa. Kuna da babban janareta yana jira, kuna da na'urar daidaita wuta, ga sanyin iya kwandishan dare da rana. Kayanku sun zauna a kunne ne don wutar ma ta zauna.

Shi fa? In ya bar makunni a danne ya fita kasuwa, ba a kunne ya bar ta ba. Ya miƙa makunnin ne ga masu kawo wuta. A ɗauke da hantsi, a kawo da azahar, a ɗauke bayan minti goma, a kawo, a ƙifta. Kowace dawowa kunnawa ce, da duk zuƙar nan da Baba ya kwatanta. Mutumin da ke gudun kunnawa biyu a rana sai ya wayi gari an kunna masa sau takwas. Kuma mafi munin kunnawa ke nan, don a daidai lokacin da wuta ta dawo ba ta gama zama ba, firij da injin ruwa da fanka na duk unguwa sun taso mata gaba ɗaya.

Ban ma zo kan babbar ba tukuna. Wutar gidajenmu bolt 230 ce tsakanin layi ɗaya da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, amma tsakanin layi da layi kusan 400 ce. Ranar da nutural ya tsinke a kan fal, ko ɓarayi suka yanke shi a taransifoma, sai gidaje su raba 400 ɗin nan a tsakaninsu, kuma ba rabon adalci ba. Gidan da ya fi ƙarancin kaya a kunne shi ke kwasar kaso mai tsoka. Washegarin irin wannan rana shagona ba wurin taka ƙafa. Talabijin, dikoda, caja, amfilifaya, duk ƙauri ɗaya suke yi. Abin da ke tsira shi ne wanda aka kashe daga bango.

Ɗan Gwammaja: Subhanallahi. An taɓa yin haka a layinmu, ƙwan fitila ya yi haske kamar rana sannan ya fashe. Ashe abin da ya faru ke nan.

Dattijon Tudun Wada: Malam mai gyara, maganar wuta na karɓa. Amma ni gidana a kan sola yake, ba ruwana da layin waje. Ni ma in kashe?

Mai Gyaran Rediyo: Ku naku da sauƙi, Baba, sai dai saura zafi. In kun buɗe Sansui ɗin ku duba jikin manyan kafasitocin, za ku ga an rubuta 85°C, a wasu sababbi 105°C. Akwai ruwan magani a cikinsu, zafi ke busar da shi a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, duk ragin digiri 10 yana ninka shi. A ce an ba shi awa 2000 a kan 85. A kan 75 ya zama 4000, a 65 ya zama 8000, a 55 ya zama 16,000, a 45 ya zama 32,000. Shekara awa 8760 ce. Wato in cikin akwatin yana kan 45 dare da rana, ba a cika shekara huɗu ba an cinye lissafin. Wanda ke saurare awa huɗu a rana kuwa sai ya haura shekara ashirin kafin ya kai wurin. Ba wai ranar da lissafi ya cika zai fashe ba, da yawa suna wuce nan, amma sauti kan fara gurnani, bes ya yi laushi. To a Kano watan Afrilu inuwa ma tana haura 40. Ku ƙiyasta cikin akwatin ƙarfe da aka cusa a kabad.

Dattijon Tudun Wada: To ai ajiya ma tana kashe su. Na ga sabuwar amfilifaya fil a kwali, shekara da shekaru ba a taɓa ba, ana kunnawa ta yi hayaƙi.

Mai Gyaran Rediyo: Wannan gaskiya ce tsantsa. Kafasita in ya daɗe bai ga wuta ba, siririn rufin da ke cikinsa yana lalacewa. Shi ya sa in aka kawo mini wadda ta daɗe a ajiye ba na cusa ta a soket kai tsaye. Ina jera ta da ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100. In ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai abin da ya haɗe a ciki, kuma ƙwan ya tare wutar kafin ta yi ɓarna. Amma tsakanin shekara biyar a kwali da kwana ɗaya a kashe akwai tafiya, Baba.

Mai Kunne: Duk kuna ta maganar kada ta lalace, ba wanda ya yi maganar abin da aka saye ta dominsa. Sauti! Amfilifaya mai sanyi muryarta a shaƙe take, kamar mutumin da ya tashi daga barci. Ni tawa in aka kashe ta sai ta kwana uku a kunne kafin ta dawo hayyacinta. Wanda bai ji bambancin ba, kunnensa ne.

Injiniya a Jamus: Kwana uku? Haba yallaɓai. Maganar ɗumi akwai ta, ban musa ba. Tiranzistocin da ke tura sifika ana saita musu 'yar wutar da za su riƙa ci ko ba sauti, kuma saitin yana zama daidai ne in alminiyam ɗin da suke manne a jiki ya ɗau ɗuminsa. Wannan minti 15 ne zuwa 30. Bayan nan zafin ya tsaya wuri ɗaya, ba abin da ke ƙara canzawa da awo zai nuna.

Kuma ya kamata a raba su, don ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai aji A, wadda ke cin wutarta cikakkiya ko ana kiɗa ko shiru, mafi yawanta kuma zafi take zama. Babba daga cikinsu tana iya cin wat 200 tana zaune, murhu ce kawai mai waƙa. Akwai aji AB, nan yawancin na gida suke, har da ta mai tambaya in ban yi kuskure ba. In shiru suna cin 'yan gomomin wat. Sai aji D, su ne a cikin sababbin sifiku masu ɗauke da amfilifayarsu da ƙananan nan marasa nauyi. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ci tana tafiya sifika, ba sa zafi sosai. Sai kuma masu kwalba, waɗanda ke aiki da kwalaben gilashi maimakon tiranzista, irin na zamanin kakanni da har yanzu ake ƙerawa don masu sha'awa. Waɗannan ba muhawara a kansu, kwalaben da ke tura sifika awoyinsu 'yan dubbai ne, kuma suna ƙirguwa ko ana saurare ko ba a yi. Ba a barin su, ba a fita a bar su, kuma ba a kunna su ba sifika a jone.

Nan Turai tun 2013 doka ta ce kayan gida in suna zaman jiran rimot kada su ci fiye da rabin wat, kuma da yawa suna komawa jiran da kansu in an ɗan jima ba sauti. Ni da rimot nake kashe tawa in kwanta.

Mai Kunne: Awo daban, kunne daban. Ku injiniyoyi da mita kuke jin waƙa.

Injiniya a Jamus: To mu gwada. Ka juya baya, ƙaninka ya kunna maka wata rana bayan awa ɗaya, wata rana bayan kwana uku, kada ya gaya maka. In ka canka sau tara cikin goma, kuɗin katinka na wata a wuyana.

Mai Kunne: Ba na caca.

Injiniya a Jamus: Ba caca ba ce, kyauta ce, kai ba ka sa komai ba.

Mai Kunne: Wasu dai in sun je Turai sai su ɗauka kowa a gida ƙauye yake.

Shugaban Zaure: Jama'a, a tsaya kan amfilifaya. Ba a taɓa mutum a zauren nan.

Mai Gyaran Rediyo: Injiniya, abu ɗaya zan ɗan gyara, don kada wani a nan ya kwaikwaye ka. Kashewar rimot a wurinku kashewa ce, a wurinmu ba ita ba ce. Muddin jar fitilar nan tana ci, akwai ƙaramin sashe a ciki da ke jone da layi yana jiran umarni. In wuta mai ƙarfi ta zo, shi take fara ci. Sababbin kayan da ake kawo mini sun mutu ɗungurum, sau da yawa wannan ɗan sashen ne ya ƙone, mai shi kuma yana rantsuwa a kashe take. Tsofaffi irin ta yaron nan sun fi su a nan, makunninsu na ƙarfe ne mai ƙas, in ka kashe ya raba waya da waya.

Injiniya a Jamus: Na karɓa, Malam. Na daɗe ban ga an ɗauke wuta ba har na manta.

Uwar Biyu: Allah ya kai mu wannan mantuwar. Ni dai a yi mini lissafi da naira, don maigidan yana cikin zauren nan yana karantawa, ya yi shiru kamar ba shi. Tasa tun safe take ci har dare, wai kada ta huce.

Mai Sola: Hajiya, ga shi a sauƙaƙe. A ce tana cin wat 40 in shiru. Sau awa 24, sau kwana 30, ya ba da yunit 28.8 a wata. A watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, wannan ya kama naira 6,480, ba a ji ko baiti ɗaya ba. Daga baya an ɗan rage farashin, kuma sauran rukunai ba su kai haka ba, sai ki sa naku ki buga. In mai wat 200 ce da Injiniya ya ambata, ki ninka sau biyar. Mai rabin wat kuwa ko yunit ɗaya ba ta ci a wata.

Masu imbata su ma su ji. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2400, kuma irin na ruwa ba a so a sha fiye da rabi. Saura 1200. Amfilifayar da ta kwana awa goma tana cin 40 ta sha 400, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sai ƙarfe uku na dare fanka ta tsaya, a kira ni da asuba a ce batirin da na sayar jabu ne.

Uwar Biyu: Na gode. Na ɗauki hoton wannan. Ban da ma kuɗi, ƙaramin yarona ya taɓa tura cokali ta ramukan saman. Allah ne ya tsare.

Baban Biyu: Ina dai karantawa. Wat 40 ɗin ma ai ƙiyasi ne, ba a auna tawa ba.

Mai Sola: Akwai ɗan mita da ake sawa tsakanin fulogi da soket, zan aro maka, Alhaji. Sai dai in ya nuna 60 kada ka ce ni na jawo.

Na'ibin Ladan: Ni ba ta gida gare ni ba, ta masallacin unguwa nake kula da ita, irin Ahuja ɗin nan mai aiki da wuta da batir. Da can barin ta muke yi a kunne tsakanin magariba da isha'i don kada a yi ta taɓawa. Ranar nan bayan an sallame wasu dattawa biyu suka zauna kusa da makirfo suna maganar kuɗin auren 'yar ɗayansu. Har bakin titi an ji nawa aka yanka. Tun daga ranar ana sallamewa nake kashewa in zare waya.

Ɗan Maraɗi: Hahaha, Malam, wannan hujja ta fi ta injiniyoyi ƙarfi. Mu nan da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023 mun ga zaman duhu, har sai da aka maido a Maris ɗin 2024. Lokacin kowa ya koyi ƙirga abin da ke shan batir. Abin da zan ƙara shi ne damina. In hadari ya haɗu ana walƙiya, makunni ma bai isa ba, a zare fulogi gaba ɗaya. A zare har wayar eriya da ta dish, don tsawa ta kan bi ta nan ta shiga dikoda, daga dikoda ta bi wayar sauti ta sauka a amfilifaya. Maƙwabcina haka ta same shi, alhali komai a kashe.

Ɗan Gwammaja: To sitabilaiza fa? Ina da ƙarama da nake sa wa talabijin.

Mai Gyaran Rediyo: Tana taimako in wuta ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, musamman mai jinkiri, wadda ke jira kafin ta saki wuta bayan an kawo. Amma dole ta fi ƙarfin amfilifayar nesa, kada ka sa ƙarama ta riƙa ƙas-ƙas duk lokacin da ganga ta buga. Kuma kada ka ɗauka ta zama laya, 400 in ta zo wani lokaci da sitabilaizar take haɗawa.

Ga yadda zan yi in tawa ce, ƙanena. In ka zauna saurare da yamma, ka tashi salla ko cin abinci, rage murya ka bar ta, ba sai kana kashewa duk rabin awa ba, a nan maganar Baba ta yi aiki. In za ka fita ko za ka kwanta, kashe ta, ka kashe soket. In an ɗauke wuta kana ciki, tashi ka kashe ta kafin a dawo, in an kawo ka ba wutar 'yan mintuna ka ga ta zauna. In za a juya zuwa janareta ma haka, kuma ka kashe ta kafin a kashe injin, don in mai ya kusa ƙarewa wutarsa hawa da sauka take yi. Wajen kunnawa, ita ce ta ƙarshe, bayan waya ko dikoda ko duk abin da ke ba ta sauti. Wajen kashewa ita ce ta farko. In ba haka ba, wannan "dum" ɗin da kake ji sifikunka ne ke shan duka.

Ƙyallen mahaifinku kuma yana da dalili, ƙurar hunturu in ta kwanta a ciki bargo take zama ta riƙe zafi. Amma na tabbata ba ya rufawa sai ta huce. Kada ka ɗora mata dikoda a ka, ka bar mata sarari kamar tafin hannu a sama. Kyankyasai ma ɗumi suke bi, wadda ke kwana da zafi ita suke tarewa a ciki, abin da nake sharowa ba ya faɗuwa a zaure.

Yanzu leƙa bayanta ka gaya mini abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta shiga.

Ɗan Gwammaja: Akwai wani ɗan zagaye mai tsaga kamar kan kusa, an rubuta 110, 120, 220, 240. Kibiyar tana kan 220.

Mai Gyaran Rediyo: Madalla, wadda aka yi don fitarwa waje ce. Ta cikin gidan Japan bolt 100 ce, ita sai da taransifomar rage wuta. Zare fulogi tukuna, sannan ka sa sukundireba ka juya kibiyar zuwa 240. Ƙarfin da za ka rasa ba za ka ji shi ba, taransifomarta kuma za ta fi sanyi ranar da wuta ta hau. Ka tabbata a kan 240 ta tsaya, kada ka zarce zuwa 110.

Dattijon Tudun Wada: Wannan na 240 shawara ce mai kyau. Ni dai tawa da rana tana nan a kunne, rana ke biya. Da dare zan fara kashewa in gani, saboda batir, ba don an kayar da ni ba.

Uwar Biyu: Mun shaida, Baba, ba a kayar da ku ba.

Ɗan Gwammaja: Na juya, na kunna, tana aiki lafiya. Sai dai in na murɗa murya tana ɗan ƙarar yashi a sifikar hagu, allurar wannan gefen kuma takan maƙale. Wani ya ce in ɗiga kalanzir.

Mai Gyaran Rediyo: Kada ka kuskura. Datti ne a cikin abin murɗawar, akwai feshin da aka yi dominsa. Kawo ta ranar Asabar bayan la'asar, zan turo maka kwatance ta akwatin sirri. Ka naɗo ta a bargo in a babur za ka zo, gilashin allurar nan in ya fashe ba a samun irinsa.